Ranar da Kawu Ƙara-Kaɗan Ya Rage

Fankar ɗakin Kaka tana nan har yau, amma ba mai kunna ta sai an danne takardu da wani abu mai nauyi. Kawu ne ya taɓa ta yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya ce juyinta bai ishe shi ba, ya kwance ta, ya sake naɗa wayar cikinta. Tun daga ranar, in ta tashi sai labule ya miƙe kamar tuta. Keken ɗinkin Umma ma bai tsira ba. Umma ce yayarsa, kuma duk sanda ta tuna yadda keken ya cinye mata hannun riga guda kafin ta ɗaga ƙafa, sai ta girgiza kai ta ce, "Ƙanen nan nawa ba ruwansa da abin da ya lalace. Mai lafiya yake nema."

Da haka ya samo sunansa, Ƙara-Kaɗan. In an zuba masa shayi, a ƙara kaɗan. In an ɗaure igiyar shanya, a ƙara kaɗan. Har Kaka, Allah Ya ji ƙanta, da sunan take kiransa in ya ɓata mata rai. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunanta na ci. Wataƙila shi ya sa gwangwanin hotunan gida ya dawo hannuna bayan rasuwarta, kuma nake rubuta abin da ya faru tun bai huce ba. Na lura in labari ya kwana biyu a gidanmu, kowa gyara shi yake yi ya dace da shi.

Kawu dogo ne, siriri, yana da ɗabi'ar kaɗa ƙafa ko a zaune ko a tsaye. Shagonsa yana saman bene, bisa shagon wani mai buga takardu, ɗaki ne tsukukku mai taga ɗaya da ba a buɗewa. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, kullum a ƙure yake. Mutum zai taso daga titi yana share gumi ya tarar da Kawu cikin rigar sanyi, ya sunkuya a kan benci, kwamfutoci biyu ko uku a gabansa duk an cire musu murfin gefe, hanjinsu a waje. Ba ya gyaran waya, ba ya gyaran talabijin. Masu wasan kwamfuta yake haɗa wa inji, irin waɗanda in hoto ya yi musu jinkirin ƙiftawar ido sai su kwana suna mita.

Aikin nasa kashi biyu ne, zaɓe da saiti, kuma duka a kan firosesa suke. Ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ba ta fi akwatin ashana faɗi ba. Masu saye sukan hawo benen da sunan wadda ta fi kowace girma a bakinsu, shi kuma sai ya zaunar da su.

"Wannan ma'aikata ashirin da huɗu ne a cikinta," in ji shi. "Wasanka mutum shida yake kira. Sauran suna zaune suna ɗumama maka ɗaki. Ɗauki waccan. Takwas ne kawai, amma teburinsu babba ne, komai yana kusa da hannu, ba sai sun tashi zuwa sito ba."

Ko an zaɓi irin da ake so, bai gama ba. Dillalin da ke kawo masa kaya tare suka yi makaranta, don haka yakan ba shi guda uku ko huɗu iri ɗaya ya gwada, ya riƙe ɗaya ya mayar da saura. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, tunda suna ɗaya ne, lamba ɗaya, kwali ɗaya.

"Ni da uwarki ba ciki ɗaya muka fito ba?" ya ce. "Halinmu ɗaya?"

Umma tana wurin. Ta ce, "Allah Ya kiyaye."

Saitin kuwa haka yake. Kowace firosesa tana da gudun da masu ƙera ta suka ɗora ta a kai. Kawu zai ɗaga gudun da ɗigo ɗaya, ya kunna gwajin da ke ba ta aiki mai nauyi, ya zauna yana kallon lambobi. In ta daskare, sai ya ƙara mata wutar da take sha. In ya ƙara wuta, zafi ya hau. In zafi ya hau, sai ya sake mata man sanyaya ko ya ƙara fanka, sannan ya koma ya sake ɗaga gudun. Tsakanin gudu da wuta da zafi ya kwashe shekara goma sha biyar, kuma ban taɓa jin ya ce wa inji "ya isa" ba. Mai shi ne yake zuwa ya ƙwace abinsa.

A cikin masu hawa benen babu wanda ya kai Kyaftin daɗewa. Mai haɗa magunguna ne a wani asibiti, mutum mai sanyin magana, sai ya zauna gaban allo ya zama wani daban. Shi ne shugaban wasu mutum biyar da ke buga wasan harbi tare, kuma duk injinansu Kawu ne ya haɗa. Rabin masu wasa a garin ta bakinsa suka san hanyar shagon.

Bara, a babbar gasar shekara, wadda kowa ke zuwa da injinsa, sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Ina wurin, Kawu ya ja ni in ɗaukar masa hotuna. Saura daƙiƙa arba'in, suna gaba, sai sojan Kyaftin ya tsaya cak a tsakiyar fili kamar an dasa turke. Kyaftin yana danna madannai, yana jijjiga linzamin kwamfuta, allo ko gezau. Aka harbe shi a tsaye. Muna fita Kawu ya tare shi a bakin ƙofa ya faɗa masa gaskiya, cewa da safen ranar da za a kai injin ya ƙara masa ɗigo ɗaya bai gwada sosai ba.

Kyaftin ya juya ya tafi. Wata bakwai yana bin ɗaya gefen titin.

Da gasar bana ta matso ya hawo benen, ko zama bai yi ba. Anti, matar Kawu, ta kawo masa abincin rana, ni ma na rako ta, shi ya sa muka zama shaidu.

"Ba hucewa na yi ba, Injiniya," Kyaftin ya ce. "Na kai wa wani, injin yana in'ina. Kai kaɗai ka iya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

"Zauna mana."

"A tsaye zan faɗa. Ka gama ranar Litinin, in zo in gani da idona. Daga nan zan tafi kwas na kwana uku, waya a kashe. Alhamis ƙarfe shida zan dawo in ɗauka, saboda Juma'a ake miƙa injina a sa musu hatimi. Daga Litinin zuwa Alhamis kada ka taɓa. Ko ƙura ka gani, ka bar ta."

"Na yi alkawari."

"In ya sake tsaya mini, ba zan yi maka faɗa ba. Ba dai zan ƙara hawa benen nan ba, ni da mutanena. Kuma in an tambaye ni dalili, zan faɗa."

Anti ta ajiye kwano ta ce, "Na ji, kuma ni zan tsare maka."

Kawu ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Firosesa biyar ya gwada kafin ya samu wadda ya ce irinta sai an tona. Gudunta ya hau biyar da ɗigo tara, ta yi awa goma tana ɗauke da gwaji ba ta ko yi tari ba, zafinta bai wuce digiri saba'in da takwas ba. Ranar Litinin Kyaftin ya zo ya buga wasa ɗaya, ya ɗauki hoton lambar ya tura wa mutanensa. A karon farko cikin shekara na ga haƙoransa a shagon.

Matsalar ta fara ne da ya sauka daga benen. An bar Kawu da injin da ya gama, da kwana uku.

Talata da safe ya zo gidanmu, abin da ba ya yi a ranar aiki. Ya gaida Umma, ya zauna, ya tashi, ya leƙa bayan firij. Umma ta ce, "In ka taɓa shi sai na saɓa maka." Ya koma ya zauna yana kaɗa ƙafa har kofunan kan tebur suna ƙara.

"Yaya, za ta kai shida," ya ce. "Na san za ta kai. Ban taɓa riƙe wadda ta kai shida ba."

"To in ta kai sai me?"

"Sai ta kai."

"Ka ji ka ko. Shekara arba'in da biyar."

Da rana Anti ta hau benen ba sanarwa ta same shi zaune gaban injin, a kashe, ya harɗe hannuwa a hammata kamar mai jin zazzaɓi. Ta cire wayar wuta ta jefa a jaka. Ya yi dariya ya nuna mata ƙusa a bango, irin wayar guda takwas a rataye. Ta yi masa wani kallo, ta juya ta sauka.

Laraba da sassafe ta dawo da ni da mai tasi. Ta ɗauki murfin gefen da ke jingine, ta mayar, ta ɗaure sukurorin da kanta.

"Madam, ina za ki kai shi?"

"Inda hannunka ba zai kai ba, Baban 'yan biyu."

"Kada ki kwantar da shi. Uwata, ki riƙe ƙasan. Ku ce wa direba ya bi ramuka a hankali."

"Da ka damu da ni haka lokacin da nake da cikin yaran nan, da na ji daɗi."

Anti tana da shagon wanki da guga a titi na biyu, can nake taya ta tun da na gama sakandare. Gaba akwai kanta da riguna a rataye cikin leda. Baya kuma ɗakin guga ne, tebura uku, dutsen guga mai tururi a kan kowane, injin busar da kaya a kusurwa yana huci, rufin kwano ba silin. A nan, kan wani benci tsakanin kwandunan zannuwan gado, aka ajiye injin Kyaftin aka lulluɓe shi da tawul.

Ranar nan sau uku Kawu ya wuce ta ƙofar shagon. Na farko wai zai sayi batir. Na biyu ya kawo rigarsa guda a goge masa, rigar da Anti ta goge shekaranjiya. Na uku bai ma nemi dalili ba, ya tsaya dai a tsallaken titi yana duban allon shagon kamar bai taɓa karanta shi ba.

Alhamis ƙarfe tara ya shigo da allo a rungume, madannai a hammata.

"Ba taɓawa zan yi ba," ya ce tun kafin Anti ta buɗe baki. "An ɗauke shi a mota, an bi ramuka. In wani abu ya goce fa? A kunna kawai in gani. Uwata ce za ta danna komai. Ni ga hannuna." Ya mayar da su baya.

Anti ta dube shi, ta dube ni. "In ya matso, ki ƙona shi da dutse."

Na haɗa wayoyin yadda ya faɗa, na kunna, na danna inda ya ce, gwajin ya tashi. Ya tsaya a bayana yana numfashi a kan kaina. Anti ta koma kan teburinta, tururi yana tashi. Fankokin injin suka fara ƙugi, ƙugin da ban ji suna yi a shagon Kawu ba. Ba a yi minti ashirin da biyar ba lambobin suka tsaya. Na motsa linzami, kibiya ba ta motsa ba. Sai allon ya koma shuɗi.

Anti ta kafa dutsen guga a tsaye.

"Ka taɓa."

"Ban taɓa ba."

"Ranar Talata, kafin in zo."

"Madam, wallahi ban taɓa ba. A duba."

Na sake kunnawa, ya nuna mini shafin saiti. Biyar da ɗigo tara, yadda Kyaftin ya ɗauka a hoto. Aka sake gwajin. Wannan karon Kawu bai kalli gudu ba, ɗaya lambar ya zuba wa ido. Tamanin da biyar. Casa'in da ɗaya. Casa'in da bakwai. Minti goma sha tara, ta sake daskarewa.

Sannan ya kai hannu ya taɓa ƙirjinsa. Da rigar sanyinsa ya zo, saboda sabo, kuma ta jiƙe sharkaf. Ya ɗaga kai ya kalli kwanon rufin, ya kalli murfin da Anti ta ɗaure.

"Uwata, zauren gasar bara. Yaya yake?"

"Ai kana wurin, Kawu."

"Allo nake kallo. Ke kika ga wuri."

Na tuna masa. Ruwan sayarwa ya ƙare tun kafin azahar. Wata mata ta fita da jaririnta saboda kuka. Na buɗe wayata na nemo hotunan. Ga Kyaftin a gaba, rigarsa ta manne a baya. Bayansa mutane sun fi ɗari biyu, kusan kowa da guntun kwali yana fifita. Injina jere a kan dogayen tebura, kowanne a rufe, kowanne yana hura wa na kusa da shi iska mai zafi. Sama kuma kwano ne, irin wanda ke kanmu.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ƙafarsa ta daina kaɗawa.

"Shekara goma sha biyar," ya ce, "ina saita wa mutane inji a cikin firij, a buɗe, su kuma su kai shi tanda su rufe."

"To ba ɗigon bara ba ne ke nan?" in ji Anti.

"Shi ma da laifinsa. Amma ko ban ƙara ba, ba lallai ya kai ƙarshe ba. Wannan kuwa, in an kai shi zauren nan haka, zagayen farko ba zai gama ba."

Na kira lambar Kyaftin sau uku, a kashe. Ƙarfe goma ta wuce. In aka bar injin yadda yake, an cika alkawari, kuma zai tsaya ranar Asabar, ranar gasa. In aka taɓa, an saɓa. Anti, wadda ta ce ita za ta tsare, ta goge hannu da tawul, ta jawo kujera da ƙafa ta tura masa.

"Zauna. Ni zan ce na ba ka."

Abin da ya fara yi shi ne abin da ya saba. Ya ƙara mata wuta. Minti goma sha ɗaya ta mutu. Ya ce zai ruga shago ya kawo fanka biyu, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo. "Iskar ɗakin ce mai zafi. Ko goma na sa, ita za su hura." Ya ce a cire murfi, sai ya tuna dokar gasa ba ta yarda da inji a buɗe ba. Ya zagaya teburan guga sau biyu, ya ɗauki wata riga ya ajiye, ya koma ya zauna. Yatsansa yana kan madannin da ke rage lamba, amma bai danna ba.

"Baban 'yan biyu, ba allura ba ce," Anti ta ce. "Danna."

Ya danna. Biyar da ɗigo takwas. Ya juyo ya ce mata, "Kada ki sassauta. Kunna duwatsun duka uku, da injin busarwa. Uwata, rufe ƙofar nan."

Haka muka wuni. Ni da Anti muna gugar zannuwan wani masauki, gumi yana shiga mana ido, Kawu ya tuɓe rigar sanyi yana kai da kawo tsakanin benci da ƙofa. Ɗigo takwas ta yi minti arba'in ta faɗi. Ya rage zuwa bakwai. Wannan ta ba mu rai, har Anti ta aika aka kawo ruwan sanyi, sai da ta haura awa ɗaya da rabi allon ya koma shuɗi. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Wasannin ranar gasa kan ɗauki awa huɗu a jere, kuma abin da ya rage mana bai kai awa biyar ba. Gwaji ɗaya ke nan.

"In na sa shida da rabi..." ya fara.

"Akwai rabi?" na tambaya.

"Akwai kwata ma."

"Kawu."

Ya dube ni, ya yi ajiyar zuciya. Ya sauke ta zuwa biyar da ɗigo shida, sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya rage mata wutar ma, ƙasa da yadda ta zo da ita a kwali. Zafin ya tsaya a tamanin da huɗu. Ƙarfe biyu ta yi, uku ta yi, yana nan. Kawu bai ci abinci ba. Ya ninke tawul sun kai talatin, duk a karkace, sai da na sake su.

Ƙarfe shida saura Kyaftin ya shigo da jakar tafiya a kafaɗa. Mai buga takardu ne ya faɗa masa inda muke. Ya leƙo ɗakin guga, ya ga injin a kunne, ya ga Kawu a gabansa. Fuskarsa ta rufe.

"Na taɓa," Kawu ya ce.

"Na gani."

"Ni na ba shi kujera," in ji Anti.

"Anti, ke ma?" Ya ajiye jakar. "Nawa ka kai ta? Shida?"

"Biyar da ɗigo shida."

Kyaftin ya tsaya yana dubansa. "Ragewa ka yi? Kai?"

Kawu ya nuna masa hoton bara a wayata, ya faɗa masa abin da ya faru tun safe, bai ɓoye ƙarin wutar da ya fara yi ba. Kyaftin ya saurara, amma ransa bai so ba.

"Na riga na tura wa mutane ɗigo tara. Na shugaban ɗaya ƙungiyar ɗigo takwas ne, har tsokanarsa na yi. Yanzu in je da shida?"

"Zauna ka buga. A nan, ƙofa a rufe."

Ya zauna. Anti ta ci gaba da guga a bayansa da gangan, tana danna tururi. Ya yi rabin awa bai ɗago ba, rigarsa ta manne kamar a hoton. Da ya cire abin kunne, Kawu ya tambaye shi, "Ka ji bambanci?"

"Ban ji ba."

"Ranar Litinin hoto ɗari huɗu da goma take ba ka a daƙiƙa. Yau ɗari uku da casa'in da biyar. Allonka ɗari biyu da arba'in kawai yake iya nunawa."

"To duk wahalar ɗigon nan ta mece ce?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Tawa ce. Idonka ba ya gani, na daɗe da sanin haka. Ni ne nake gani a lamba."

Kyaftin ya share fuska da tawul ɗin wani baƙon masauki kafin Anti ta fizge. Ya miƙe ya cire wayoyin da kansa, ya rungumi injin.

"Maganata ta Litinin tana nan, Injiniya."

"Na sani."

Ranar Asabar Kawu bai je zauren ba. Ya ce ƙafarsa za ta dami mutane. Ni na je, shi kuma ya zauna a shagon Anti yana kira na duk bayan minti goma, har na daina ɗauka na koma tura masa kalma biyu: tana nan. Zauren ya fi na bara zafi. Kafin la'asar injina huɗu sun daskare a tsakiyar wasa, har da na mai ɗigo takwas, wanda ya miƙe yana dukan tebur. Na Kyaftin ya yi ta ƙuginsa har wasan ƙarshe. A nan aka cinye su. Sojan Kyaftin ya leƙa wata kusurwa da bai kamata ya leƙa ba, aka harbe shi.

Litinin ya hawo benen. Wannan karon ya zauna.

"Da hannuna na faɗi," ya ce. "Ka san daɗin da ke cikin wannan? Ba wanda zan yi wa fushi sai kaina." Ya nuna matakala da babban yatsa. "Akwai mutum uku a ƙasa da injinansu. Har da mai dukan tebur. Wai suna son irin saitin ɗakin guga."

Tun daga lokacin ba injin da ke barin hannun Kawu sai ya yi awa huɗu a kan bencin nan tsakanin kwanduna, a rufe, duwatsu uku a kunne. Anti ta yarda, da sharaɗin duk sanda ya kawo inji shi zai gogi zannuwan ranar. Ya iya yanzu, ba laifi, sai dai kusurwa. Sunan kuwa bai canza ba. Umma ta ce rana ɗaya ba ta goge shekara talatin.

Makon jiya na shiga ɗakin na same shi shi kaɗai, ya kifar da dutsen guga na tsakiya a kan tawul, sukurdireba a hannu. Ya ɗago ya gan ni.

"Tururin nan nasa, Uwata," ya ce a hankali. "Ba ki ganin yana da rauni?"

Na leƙa kanta na kira Anti.